Wa Ya Taɓa Ta Ƙarshe?

Duk wanda ya taɓa kai mota wurin Kawu Ɗanlami mai riwaya, wato gyaran wayoyin mota, a Birnin Gwari ya san ba ya fara taɓa ta. Sai ya harɗe hannuwa a baya, ya zagaye ta, ya shinshina ta kamar mai sayen daddawa, sannan ya ce, "Wa ya taɓa ta ƙarshe?"

Kuma amsa ɗaya yake jira: Bulus. Baba Bulus makanike ne, mutumin kudancin Kaduna, rumfarsa na jikin ta Kawu tun kafin a haife ni. Tare suke cin ƙosai da safe, su wuni suna ɗora wa juna laifi. Wani Alhaji ya taɓa kawo sabuwar mota fil, ya rantse babu wanda ya taɓa ta. Kawu ya gyaɗa kai ya ce to lallai Bulus ya kalle ta.

Ga maƙo. Kawu bai taɓa yar da guntuwar waya ba. Da waya yake ɗaure wandonsa, da ita ya ɗaure ƙafar tabaronsa. Igiyar shanyar matarsa, Inna Asabe, ma wayoyin mota ne ya ƙulla, ya kuma gargaɗe ta kada ta shanya jiƙaƙƙen kaya a kan jar, wai ita ce mai wuta. Inna ta yi shekaru tana kauce mata.

Wanda ba na mantawa shi ne lokacin da Baba Bulus ya gyara min sitiyari. Ina fitowa daga gareji, esi mai sanyaya motar ya ɗauke. Na karya kwana hagu, sai oda ta kama kuka da kanta. Jama'a suka yi ta ɗaga min hannu, sun ɗauka gaisuwa ce. Ni kuwa hankalina ya tashi, don washegari zan kai mahaifiyata asibiti a Kaduna, kuma kun san dajin nan. Ba wurin da mota za ta riƙa shelar kanta ba ne.

Kawu ya ƙi sa hannu sai an kira mai laifi. Na roƙe shi da girman 'yar'uwarsa da ke kwance, ya ce ai saboda ita ne ba zai yi gaggawa ba. Da Baba Bulus ya zo, Kawu ya kwanta ƙarƙashin sitiyarin yana wa'azi a kan makanikai masu hannu kamar guduma. Ya gano soket ɗin esi da aka manta ba a mayar ba, ya ɗaga murya don duk gareji su ji. Sannan ya zaro wayar odar da ƙarfe ya matse har ta feɗe.

Baba Bulus ya karɓa ya duba. Shuɗiya ce an ƙulla ta da rawaya, an naɗe da ledar burodi. Kowa ya san aikin wane ne.

"Ɗanlami, wannan ba ƙullinka ba ne?"

Kawu ya gyara tabarau. "Nawa ne. Amma lafiya lau take zaune har ka zo."

Ranar dai ya sa sabuwar waya, abin da ban taɓa gani ba. Da safe kuma na tarar da shi a bakin tasha, ya sa na juya sitiyarin hagu da dama yana kasa kunne kafin ya bar mu muka tafi. Mun ratsa dajin shiru.

Bayan rasuwarsa fitilar motar ta fara wasa. Na kai wa Baba Bulus, ko da ba fanninsa ba ne. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ga ƙulle-ƙullen nan kala-kala. Sai ya miƙe, ya harɗe hannuwa a baya, ya ce, "Wa ya taɓa ta ƙarshe?"

Na ce Kawu ne.

Ya daɗe yana kallon rumfar da ke rufe. "A'a, ɗana. Ni ne. Kullum ai ni ne."

Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu Ɗanlami, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Baba Bulus haƙurin wannan shirun.