Tagar Tsakiya da Ba a Toshe Ba

Shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar yayana, Ummaru kafinta, Allah ya jiƙansa. Bai bar gidan sama ba, bai bar shanu ba. Ni dai duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, aikinsa guda ɗaya nake tunawa, kuma zan faɗe shi bi da bi yadda ya faru, domin ba na son labari a hargitse.

Da farko ginin. A shekarun alif ɗari tara da tamanin, mutanen unguwarmu a Illela suka yi gayya suka gina ƙaramin ɗakin shan magani. Filin ya yi kaɗan, sai aka jera taga uku a bango ɗaya, kusa da kusa. Ta farko ta karɓar kati, inda nake aiki. Ta ƙarshe ta ba da magani. Ta tsakiya ta mata ce, inda ungozoma Inna Hajo take zama. Kowace taga tana da ƙyauren katako mai buɗewa waje, domin dole a kulle magani idan an tashi.

Sai matsalar. Idan na buɗe nawa ƙyauren, ya kwanta a kan tagar mata. Idan mai ba da magani ya buɗe nasa, shi ma can yake kwantawa. Inna Hajo kuwa idan ta turo nata, sai ta rufe ɗayanmu. Ranar kasuwa, da mutanen Garu da Lafani da na Kwanni suka cika wurin, aikin masu layi shi ne ture ƙyaure daga wannan gefe zuwa wancan. Wata rana ƙyaure ya bugi wata mata daga Lafani a goshi, tana goye da jariri. Jini ya zuba, mijinta ya ta da hankali.

Shugaban kwamitin ginin, Alhaji Nomau, ya yanke hukunci cewa a toshe tagar tsakiya, mata su bi layi ɗaya da maza. Ba mugunta ba ce, yana gudun a sake jin ciwo ne. Amma duk wanda ya san garinmu a lokacin ya san ma'anar wannan. Mace ba za ta faɗi ciwon ciki ko na haihuwa ba alhali namiji yana tsaye a bayanta, kuma magidanta da yawa ba za su bar matansu su zo ba. Toshe tagar nan daidai yake da korar mata daga wurin. An riga an sauke bulo da yashi a bakin ginin.

Yaya Ummaru ya je ya sami Alhaji, ni ina tare da shi.

"Alhaji, ka ba ni zuwa kasuwa mai zuwa," in ji shi. "In ƙyaure ya sake taɓa mutum, ni zan kwaɓa maka siminti da hannuna."

Alhaji ya ce, "To mi za ka yi, Ummaru? Bango za ka ja ya ƙara tsawo?"

"Bango ya tsaya inda munka same shi. Ƙyamaren za su koyi bin layi."

Abin da ya yi kashi uku ne. Na ɗaya, ya cire ƙyamaren daga waje ya mayar da su ciki, inda ba za su bugi kan kowa ba. Na biyu, ya kafa dogon katako sama da ƙasan tagogin, ya fafe masa hanya uku, ɗaya bayan ɗaya, kowane ƙyaure yana zamewa a tasa hanyar har ya je ya tsaya a kan bangon gefe inda babu taga. A can suna iya hawa kan juna yadda suka ga dama. Dokarsa ita ce ƙyaure ya rufe ƙyaure, amma kada ya tsaya a gaban tagar da ba tasa ba.

Na uku shi ne wanda ya kusa ka da shi. Da ya gwada, mariƙin ƙyauren baya ya riƙa karo da na gabansa, duka suka cije. Ya tsaya ya dube su, sannan ya cire mariƙan gaba ɗaya, ya fafe ɗan rami a jikin kowane ƙyaure daidai shigar yatsu. Ya goga sabulu a hanyoyin. Ya kuma ce da ni, "Garba, na mata za ka fara buɗewa, shi za ka rufe ƙarshe. Kar ka canza."

Ranar kasuwa ta zo. Alhaji Nomau ya zo da magini, cokalin gini a hannunsa. Na ja ƙyauren mata, na ja nawa, aka ja na magani. Taga uku a buɗe lokaci guda, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka yi ginin. Layi uku suka tafi har azahar ba wanda ya kauce wa katako. Inna Hajo ta leƙo ta ce, "Alhaji, maginin nan naka ba shi da lafiya ne? Ya karɓi kati mana." Wurin ya ɗauki dariya, har da Alhajin.

Yau ina tambayar kaina abin da Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. Jikarsa Hadiza tana aikin tsara manhajar kwamfuta a Sakkwato. Da ta zo hutu na same ta tana fama da ƙananan akwatuna a fuskar na'urarta, wani ya hau kan wani ya ɓoye maɓallin da mutum zai danna. Ta bayyana mini cewa aikinta shi ne ta tsara wanda zai zo gaba, da wanda zai koma baya, da wanda ba a yarda a rufe shi ba ko kaɗan. Na ba ta labarin kakanta. Ta ce, "Kaka, ai abin da nake yi tun safe ke nan, sai dai ni ba ni da sabulu." Na tabbata da yana raye da ya ja kujera ya zauna kusa da ita, tambayarsa ta farko kuma ita ce wa zai rasa hanya idan wannan akwati ya rufe wancan.

An faɗaɗa ginin tun tuni, gara ta ci katakon Yaya, an sa na ƙarfe. Amma masu ƙarfen hanya uku suka yi, kuma tagar tsakiya tana nan ta mata. Bulon da aka sauke don toshe ta, Alhaji Nomau ya sa maginin ya yi dakali da shi tun a waccan ranar kasuwar, a ƙarƙashin tagar. Makon jiya na wuce ta wurin, na ga mata zaune a kai da 'ya'yansu, suna jiran a kira su.