Yarinyar da Aka Ƙirga Sau Biyu

A shekarun da nake karanta sanarwa da Hausa a wani ƙaramin gidan rediyo a Sokode, na sha faɗa wa jama'a dokar tallafin da ake turo wa gidajen marasa ƙarfi ta waya. Wanda aka biya fiye da haƙƙinsa saboda bayanin da ya bayar ba daidai ba ne, zai mayar da abin da ya karɓa, a ɗora masa tara, kuma ana iya cire shi daga tsarin. Dokar ta shigo gidanmu ne ta kan Goggo.

Goggo yayar mahaifina ce. Tana zaune a unguwar Zango ta Sokode, tana soya wagashi, wato cukun nonon shanu, a bakin titi. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ƙaninta, Baffa, mahauci ne a Dapaong, kuma da aka yaye wata 'yarsa sai ya kawo wa Goggo riƙo, kamar yadda ake yi a danginmu. Ba a rubuta komai ba, goro aka raba aka yi addu'a. Yarinyar ta tashi ba ta san wata uwa ba sai Goggo.

Da masu rajista suka zo Zango suka tambayi Goggo ko tana da yaro a gida, ta ce tana da 'ya ɗaya. A Dapaong kuma aka tambayi matar Baffa 'ya'ya nawa ta haifa, ta ƙirga har da ta Sokode. Gidaje biyu suka riƙa karɓar kason yarinya ɗaya, ba wanda ya sani, har ranar da kuɗin suka daina shigowa aka kira Goggo buro, wato ofishin tallafin. Ni na raka ta.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ba muguwa ba ce. Ta iya Hausar kasuwa, ta yi wa Goggo bayani da kanta.

"Mama, takardan haihuwa ya ce uban shi yana Dapaong. Kuskure naki ne. Ki sa hannu ki ce yarinya ba naki ba, a mayar da shi gidan uban shi. Mu ɗauke tara, ki biya kaɗan-kaɗan."

"In na ƙi fa?"

"Sai mu rubuta kin yi ƙarya da gangan."

Goggo ta ɗora hannayenta a cinya, ta juyo ta kalle ni. "Kai mai rediyo, gaya mata da Faransanci ko za ta fi ji. Ni na yi mata goyo, ni na kwana da ita a asibiti lokacin ƙyanda. Su sayar da kaskona in suna so. Yatsana ba zai hau takardar nan ba."

Na fassara ba tare da na rage komai ba. Sannan na tambayi ma'aikaciyar ko akwai wata hanya. Ta yi ɗan tunani ta ce akwai: idan iyayen suka je buron Dapaong da ƙafarsu, suka shaida cewa yarinyar ba ta zama a gidansu, kuma da yardarsu take hannun Goggo, to kuskuren zai koma kansu, shi da tarar.

Muna fitowa Goggo ta ce, "Gobe ka hau mota."

Na sami Baffa a kasuwa, a bayan teburinsa, yana korar ƙudaje daga nama.

"A'a, mai rediyo! Yau rasuwar wa ka zo sanarwa?"

Na gaishe shi, na zauna na faɗa masa komai a jere. Fara'arsa ta ɗauke. Ya ce shanu sun yi tsada, yara sun cika masa gida, ba shi da wuyan ɗaukar tara. "Abu mai sauƙi ne," in ji shi. "A dawo mini da ita, kowa ya huta."

Na fito da wayata na nemo lambar Goggo na miƙa masa. "Baffa, wannan saƙon ya fi ƙarfin bakina. Ga ta, ka gaya mata."

Ya kalli wayar ya kau da kai. "Ɗan banza. So kake Yaya ta tsine mini a tsakiyar kasuwa?"

Muka tafi gida tare bayan la'asar. Matarsa tana tankaɗen dawa a tsakar gida, ta saurari maganar har ƙarshe ba ta ɗago kai ba. A wajenmu uwar da ta ba da riƙo ba ta sa baki a lamarin ɗan, ko sunansa ba ta cika kamawa ba. Saboda haka ban sa rai za ta ce komai ba.

Ta karkaɗe rariyar ta ce, "Malam, ni na ƙirga ta, ba Yaya ba. Abin da muka bayar da goro a gaban mutane ba za mu karɓe shi saboda tara ba. In ba za ka je ba, ni zan je."

"Wa ya ce ba zan je ba?" in ji Baffa. Ya yi ta mita har muka ci tuwo.

Washegari muka je buron mu uku. Aka yi musu tambayoyi daban-daban, suka dangwala yatsa. An ɗora musu tarar ba ragi, aka ce za a riƙa cirewa daga abin da ake turo wa sauran yaran. Na nemi a ba ni kwafi mai hatimi, na ƙi tashi sai da aka ba ni.

Matar Baffa ta raka ni tasha da ƙullin daddawa, ta ce na Yaya ne. Har na sa ƙafa a mota sai ta matso ta rage murya.

"Ta kai kafaɗata yanzu?"

Na ce yarinyar ta wuce. Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafinta, ta juya.