Shekarar da Kaka Ta Fara Kirana Yaya

Ko yau in na shiga ɗakin da aka turara da turaren wuta, sai in ga kaina a gidanmu na Yakasai, a gefen kakata. Iyayenta mutanen Borno ne, a wurinsu ta gaji haɗa turare da humra. Ba ta awo, hancinta ne ma'auninta. Ni ce jikar da ke kwana a ɗakinta.

Abin ya fara ne a shekarar da soja suka mayar da mulki hannun farar hula. Wata safiya cikin bazara tana juya turare a kasko, sai ludayin ya suɓuce mata. Bakinta ya ɗan karkace, harshenta ya yi nauyi. Kafin azahar ta warware, har ta yi mana faɗa don mun yi kuka. Muka ɗauka ya wuce.

Ashe bai wuce ba. Sai ta yi makonni garau, rana ɗaya a wayi gari wani abu ya ɓace mata. Ta zuba gishiri a turare maimakon sukari. Ranar da rediyo ke ta shelar rantsar da sabon shugaba, ta ce ai an yi wannan tun kafin auren babana. Kuma gaskiyarta, an taɓa yi. Na da da na yanzu ne suka cakuɗe mata.

Da damina ta sauka, ta fara kirana Yaya. Yayar tata kuwa ta rasu tun Kaka tana budurwa.

Gwaggona ta ce iska ce, ta nemo rubutu. Babana ya kai ta asibiti. Da suka dawo ya zaunar da mu a tsakar gida, ya ce likita ya ce akwai wani sinadari a cikin jini mai sa shi daskarewa, shi ne yake toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwarta kaɗan-kaɗan. Na rasa gane wannan magana. Ni abin da na sani, in wuƙa ta yanke ni, Kaka kan danne wurin ta ce in yi haƙuri, yanzu jinin zai daskare. To yaya abin da ke warkar da yatsa zai cinye hankalin mutum? Na tambayi Baba, ya ce shi ma iyakar abin da aka gaya masa ke nan.

Shi Baba ya ce in riƙa tuna mata ko ni wace ce. Gwaggo ta ce in amsa kawai. Na rasa ta wa zan bi.

Wata la'asar ana yayyafi ta kamo hannuna ta ce, "Yaya, Inna ba ta dawo ba?"

Na ce, "Kaka, ni ce jikarki. Innarki ta daɗe da rasuwa."

Ta yi salati, ta fashe da kuka irin na wanda aka yi wa rasuwa yanzun nan. Washegari ta sake yi mini tambayar. Na ce, "Tana hanya." Ta yi murmushi, ta ce in share ƙofar ɗaki kafin ta iso. Na ɗauki tsintsiya na share. Haka muka zauna ni da ita har Allah Ya karɓi abinSa.

Yanzu ni ma ina shan maganin hawan jini. Likitata ta ce masana na ganin wannan sinadari kan tsiyaya daga jijiya ya shiga ƙwaƙwalwa ya yi ɓarna, amma har yau ana kan bincike. Kwanaki na ba 'yata labarin nan. Da na gama, sai ta ce, "Umma, in ke kika kira ni da sunan wata, in amsa ko in gyara miki?"