Ƙofar da Abu Nadir Ya Bari Fara

Shekara tara ke nan da rasuwar Abu Nadir, mai zane Bafalasɗine, maƙwabcina a unguwar Sharafiyya, kuma har yau ban huta da masu son gyara masa aiki ba.

Ni kafinta ne, haifaffen Jidda, ni nake yi wa zanensa katakon gefe. Da safe yana rubuta allunan shaguna don ya riƙe iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar. Da la'asar kuma abu guda yake zanawa: gidan mahaifiyarsa a ƙauyen da bai taɓa takawa ba. Itacen zaitun, rijiya, katangar dutse, duk daga bakinta ya ɗauko su. Ƙofar kaɗai yake bari fara fat. Mahaifiyar ta ce shuɗiya ce, ƙanwarta ta rantse koriya ce, har suka koma ga Allah ba su daidaita ba. Na taɓa ce masa ya zaɓi ɗaya kowa ya huta. Ya harare ni ya ce, "Ya Usman, ƙofar gidanmu ce, ba zan yi mata ƙarya ba. Sai na gani da idona."

Taurin kansa ya sha ba ni haushi. Bai kuwa gani ba, Allah ya jiƙansa.

Zane ɗaya ya bar mini. Mijin 'yata ya ara ya rataye a gidan abincinsa na unguwar Bani Malik. Watan jiya na leƙa, na tarar an sauke shi, ga mai fenti ya tsoma buroshi a fenti ruwan ƙasa, wai don ƙofar ta dace da kujeru.

"Baba, ai bai ƙarasa ba ne," in ji surukin nawa. "Minti biyar, halas, an gama."

Raina ya ɓaci. Na saɓi zanen na fito, abincin ma ban ci ba. Da Abu Nadir yana raye, na san da gwangwanin fentin zai bi su. Yana da rai ba wanda ya tambaye shi dalili, yanzu da ya mutu kowa ya san abin da ya manta.

Allunan da ya rubuta duk an cire su, an sa masu fitila. Abin da ya rage nasa shi ne wannan farin wuri, faɗinsa bai kai tafin hannuna ba. Ko gidan yana nan tsaye, ban sani ba. Na dai mayar da zanen shagona, na kuma faɗa wa 'ya'yana: ko bayan raina, ba mai sa wa ƙofar nan launi sai wanda ya je ya gani.