Ranar da Gwaggo Tsuneko ta faɗi gaskiya

Gwaggona Tsuneko ta shekara hamsin tana yin awara a ɗan shagonta na bakin tashar jirgin ƙasa. Mace ce da ko ciwo na cin ta, in ka gaishe ta "garau nake" za ta ce maka. Mu mutanen nan dama kawo kuka gaban baƙo abin kunya ne, amma nata ya fi na kowa.

Da gwiwoyinta suka ƙi, 'yarta Michiru ta nema mata taimakon inshorar kula da tsofaffi, wadda duk muke biya tun muna shekara arba'in. Ƙa'idar ita ce sai ma'aikaciya ta zo ta ga abin da tsoho ke iyawa, kafin a yanke ko za a riƙa turo masa mai jinya.

Ranar zuwan matar, Gwaggo ta caɓa ado, ta durƙusa ta miƙa mata shayi. Wanka? Da kanta. Kasuwa? Kullum! Ina gefe takaici kamar ya kashe ni, don ni na saka mata kayan. Aka rubuta ba ta buƙatar kowa. Durƙuson nan sai da ya kwantar da ita kwana biyu.

Sai Michiru ta bugo daga Osaka: "Mama, zan ajiye aiki in dawo." Aikin koyarwa ne, shekara tara ta yi tana fafutuka kafin a tabbatar da ita.

Gwaggo ta ajiye wayar ta ce mini, "Ke Sayuri, a sake nemo min matar nan."

"Wata rawar za ki yi mata?"

"Rufe min baki, mara kunya."

Da matar ta dawo, Gwaggo ta hana ni ko share ɗakin, ta karɓe ta a shimfiɗa.

"Hiraoka-san, kina kai kanki banɗaki?" in ji matar, tana kiran Gwaggo da sunan danginta.

Gwaggo ta ce, "Da rarrafe. Wani lokacin ma ba na kaiwa."

Ni da nake zuwa kullum ban sani ba. Ashe tun kafin in iso take wanke kayan da ta ɓata ta shanya a ƙuryar ɗaki.

"Rubuta duka, 'yar nan," ta ce wa matar. "Kada ki rufa min asiri."

Kai, ban taɓa ganin jarumta irin wannan ba, sai da na fita na share hawaye. Da na dawo, Gwaggo ta juya fuska bango ta ce mini:

"Kira Michiru ki ce ta zauna a aikinta. Amma in kika gaya mata abin da kika ji yau, ba ni ba ke."