Kwana Uku na Yaya a Kano

Yayana ya shekara shida a Legas bai taka garinmu Toranke ba. Ranar da ya kira ni ina tankaɗe a gidana na Gaya, na goge hannu a zani na ɗauka.

"Auta, ran Juma'a zan shigo Kano taro. Kwana uku zan yi. Ina maigidanki? Ba ni shi."

Maigidana direba ne a ƙaramar hukuma, ya daɗe yana kai wani shugabansu birni wasan golf. Na miƙa masa wayar, na tsaya bakin ƙofa da rariya a hannu, ina jiran in ji an ambaci Inna, mahaifiyarmu, wadda tun damina ƙafafu suka zaunar da ita a Toranke.

"Yaya, ai filin golf biyu na sani a Kano," in ji maigidan. "Akwai tsohon fili a cikin gari, bishiyoyi da inuwa, sai dai da rani bakin ramukan duk yashi ne. Ka je da ka idar da asuba, kafin rana ta buɗe. Ɗayan yana bayan gari, ya fi ciyawa, amma sai da ɗan gida ake shiga." Ya saurari Yaya, sai ya kwashe da dariya. "Haba Yaya, ni da sanda? Ni dai gadin mota na iya."

Na yi masa alama da hannu. Ya gane, ya ce, "Na bayan garin ma a hanyarmu yake. In ka gama, ka miƙe kawai sai Gaya, mu wuce wajen Inna."

Yaya ya ce in Allah Ya yarda.

Laifina ɗaya, kuma har yau ina istigfari a kansa. Na ɗauki wannan "in Allah Ya yarda" na hau babur na kai wa Inna a matsayin alkawari. Na san yadda mutanenmu ke faɗinta idan ba su son cewa a'a. Na sani sarai. So nake in ga fuskarta ta saki.

Ta kuwa saki. Ta sa aka share ɗakin da yake kwana yana saurayi, aka yi mata kitso, aka soya gyaɗa da yashi yadda yake so. Asabar ta ce a fitar da ita zaure. Duk motar da ta rage gudu sai ta ce, "Duba min, Auta."

Lahadi da hantsi hoto ya shigo wayata. Ga Yaya cikin ciyawa shar, da farar hula da gajeren wando, ya ɗaga sanda yana murmushi. A ƙasa ya rubuta cewa jirginsa ƙarfe biyar ne, lokaci ya ƙure, a gaida Inna da jiki.

Na so in ce mata taro ya riƙe shi. Bakina ya ƙi. Na miƙa mata wayar, ta matso da ita dab da ido, ta daɗe tana kallo.

"Ya yi ƙiba," ta ce. "Wannan gonar ta waye?"

"Ba gona ba ce, Inna. Filin wasa ne. Ƙwallo suke bugawa cikin rami."

"Shi wasan, yana ɗaukar lokaci?"

"Wajen awa huɗu, in ji maigidan."

Na ga leɓenta yana motsi, tana lissafi. Inna ba ta yi boko ba, amma ta sha zuwa Kano asibiti, ta san awa nawa ne zuwa da dawowa, ba su kai huɗu ba. Ta mayar mini da wayar, ta ce in kama ta mu koma ciki, zauren ya yi mata iska.

Da la'asar ta kira yaran maƙwabta ta raba musu gyaɗar.

Bayan sati Yaya ya kira maigidana, ina ji yana godiya, wai filin bayan garin ya yi, duka kwana biyun a can ya buga. Ya ce a ba shi Auta. Na ce a gaya masa hannuna da ƙullu.