Sagimbek da Injin Mai Juyi

Shekara shida jirgin saman Sagimbek yana zaune a rumfar da yake shanya wake. Fukafukai, tayoyi uku, kujeru biyu, fenti shuɗi, komai ya kammala, inji kaɗai ya rage. Ni ne maƙwabcinsa ta gabas a ƙauyenmu na Talas, don haka babu gardamar da ba ta tsallako katangata ba.

Sagimbek kafinta ne, kuma gwani. Rabin ƙofofin ƙauyen nan hannunsa ne. Da ya haura hamsin ya samo zanen wani ƙaramin jirgi na katako, ya yi shekara uku yana sassaƙa. Ranar da ya gama, mutane suka daina ce masa kafinta, suka koma Matuƙi. A wurin biki shi ake miƙa wa kan rago, ga dattawan da suka girme shi suna kallo.

Abokin gardamarsa shi ne tsoho Anarbek, wanda ya yi shekara ashirin yana tuƙa jirgin feshin gonaki. Kullum da hantsi sai su zauna kan shayi.

"Ka sa inji mai fistan irin na kowa ka huta," in ji Anarbek.

"Yaya, zamani ya wuce ka," in ji Sagimbek. "Injin mai juyi ba shi da fistan da zai yi ta sama da ƙasa. Ƙarfe ne mai kusurwa uku, yana ta juyawa a ciki. Ba nauyi, ba karkarwa, girmansa bai wuce tukunyar biki ba."

Wata rana Anarbek ya gaji ya ce to, ya yarda, a sa mai juyin. Sagimbek ya dafe haɓa ya ce, "Amma fa yana shan mai kamar raƙumi. Sai an ƙara tunani."

Mu duka mun ɗauka tsananin sani ne. Matarsa Burul ce kaɗai ta san gaskiya, domin duk hunturu ita ke hawa rufi ta share dusar ƙanƙara, shi yana ƙasa riƙe da tsani yana ba da umarni. Sagimbek ko kan kujera ya tsaya jiri yake ji.

Ƙanen Burul, Duishon, mai sayar da kayan mota a Bishkek, shi ya ɓata lamarin ba da sani ba. Ranar da Sagimbek ya cika sittin, ana tsakiyar cin nama da taliya, ya iso da wani abu a bayan mota, lulluɓe da bargo. Injin mai juyi ne, an ciro shi daga wata motar Japan.

"Ga shi, suruki, kyauta ce. Yau gardama ta ƙare."

Aka yi ta tafi. Sagimbek ya yi godiya, murya na rawa, mutane suka ce daɗi ne ya yi masa yawa.

Ya ja lokaci iyakar iyawarsa. Ya ce injin yana gudu fiye da yadda farfela za ta ɗauka, sai an samu giyar rage gudu. Duishon ya aiko da ita. Sagimbek ya ce zafin salansar hayaƙi zai ƙone katako. Anarbek ya kawo bututun ƙarfe daga ajiyarsa, ya naɗe hannun riga, ya ɗaura komai da kansa yana zagin injin. Da aka ɗaure jirgin a jikin bishiya aka tayar, kajin Burul kwana huɗu ba su yi ƙwai ba.

Bayan an cire wake aka sa rana. Gona ta zama fili, ƙauye ya fito har da masu goyo. Sagimbek ya sa hular fata, ya shiga, ya tuƙa jirgin a ƙasa har ƙarshen gona, ya juyo. Ya sake. A karo na uku ya tsaya kusa da mu, ya ce iskar ba ta yi masa ba. Ko ganye ba ya motsi.

Anarbek ya matsa ya dube shi da kyau, ya gane tsoro ne. Sai ya juyo ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni fa na manta. A ƙa'idar jiragen sama, wanda ya ƙera ba ya tashi na farko. Sauko, ƙanena, kada ka karya doka."

Babu irin wannan ƙa'ida, shi da kansa ya gaya mini daga baya. Amma Sagimbek ya sauko da sauri irin na mai biyayya.

Anarbek ya shiga, jirgin ya tashi. Ya zagaye ƙauye sau biyu, ya bi bakin kogi, ya dawo ya sauka lafiya. Sagimbek na tsaye yana hawaye, yana cewa, "Ni na yi shi, Burul, ni na yi shi." Anarbek ya fito yana sosa kunne ya ce, "Ihu kamar ana yanka shi, amma dai ba ya karkarwa." Wannan ne yabo mafi girma da na taɓa ji daga bakinsa.

Burul ta ɗaure kallabi ta shiga kujerar baya a tashi na biyu.

Mako guda bayan haka wani jami'i ya zo daga birni da takardu, ya ce babu sake tashi sai an cike su an samu izini. Mutumin kirki ne, har ya ce zai taimaka a gama cikin wata biyu. Sagimbek ya karɓa da hannu biyu, ya yanka masa kaza, ya ce kada ya wahalar da kansa.

Takardun na nan cikin akwatin Burul, shekara huɗu ke nan. Duk baƙon da ya tambayi Sagimbek yaushe zai tashi, sai ya girgiza kai ya ce, "Ka san halin gwamnati."